Tambayoyi da Amsoshi Kan Kifaye Masu Fiffiken Tsinke: Ƙirar Jikinsu, Ire-irensu da Asalinsu

Waɗanne ne kifaye masu fiffiken tsinke?

Su ne kifayen da masana ke kira Actinopterygii, kuma kusan duk kifin da mutum ya taɓa gani yana cikinsu: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, minjirya, talibambam, tuna, sadin da sauransu. Abin da ya haɗa su shi ne ƙirar fiffikensu. Idan aka ɗaga fiffiken karfasa aka duba shi a haske, za a ga siririyar fata ce a shimfiɗe a kan jerin tsinkaye na ƙashi, yana buɗewa yana rufewa kamar yadda laima ke yi a kan ƙarafunanta. Babu tsoka a cikin fiffiken kansa, domin tsokar da ke motsa shi tana cikin jiki, a gindin tsinkayen. Wasu tsinkayen masu taushi ne, suna da gaɓoɓi kuma suna rabuwa a ƙarshe, wasu kuwa ƙayoyi ne masu tsini da kifin ke kare kansa da su.

Wannan ƙira ta sa fiffiken ba shi da nauyi, kuma kifin na iya lanƙwasa kowane tsinke dabam da ɗan'uwansa. Da haka yake tsayawa cak a cikin ruwa, ya ja da baya, ko ya juya a wuri guda.

Ashe akwai kifayen da ba sa cikin wannan rukuni?

Akwai. Na farko su ne marasa muƙamuƙi, waɗanda bakinsu zagayayye ne na tsotso. Na biyu su ne masu guringuntsi maimakon ƙashi, wato kifin shak da danginsa. Na uku su ne masu fiffiken tsoka, waɗanda fiffikensu ke da nama da jerin ƙasusuwa a ciki, kuma 'yan kaɗan ne suka rage a cikinsu: gaiwa da danginta na Afirka, Kudancin Amurka da Ostareliya, sai kifin silakant. Shi wannan an daɗe ana zaton ya ƙare tun shekaru miliyan 66 da suka wuce, har zuwa 1938 da aka kama ɗaya a gaɓar tekun Afirka ta Kudu, Marjorie Courtenay-Latimer ta gane cewa ba irin kifin da aka saba gani ba ne.

A nan akwai abin da yakan ba mutane mamaki. Bisa abin da ƙasusuwa da ƙwayoyin gado suka nuna, daga cikin masu fiffiken tsoka ne dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito, don haka gaiwa ta fi kusa da kwaɗo ko ƙadangare a dangantaka fiye da yadda take kusa da tarwaɗar da suke zama a fadama ɗaya. Kamannin jiki da wurin zama ba su ne ma'aunin dangantaka ba a wannan fanni.

Jinsinsu nawa ne, kuma yaya bambancin girmansu yake?

An san fiye da jinsi 30,000, kuma kowace shekara ana ƙara bayyana sababbi da dama. Wannan adadi ya kai kusan rabin duk dabbobi masu ƙashin baya, wato ya kusa daidai da tsuntsaye, dabbobi masu shayarwa, masu jan ciki da kwaɗi idan aka haɗa su gaba ɗaya.

Ta fuskar girma, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta shi ne Paedocypris progenetica na dausayin tsibirin Sumatra, wanda aka bayyana a 2006, kuma an sami balagaggiyar macensa da ba ta wuce milimita 7.9 ba. A ɗaya ɓangaren akwai Regalecus glesne, wani siririn kifin teku da ke kai mita 8 a tsawo, da kuma Mola alexandrini, wani ƙaton kifin teku mai faɗi, wanda aka tsinci gawar ɗaya kusa da tsibiran Azores a 2021 aka auna ta ta kai kilogiram 2,744. Haka tsawon rai ma ya bambanta. Nothobranchius furzeri na kududdufan Zimbabuwe da Mozambik yana iya balaga cikin mako biyu kacal, ya mutu bayan 'yan watanni idan ruwa ya ƙafe, ya bar ƙwai a cikin busasshiyar laka, alhali wani kifin duwatsun arewacin tekun Fasifik, Sebastes aleutianus, yana haura shekara 200.

Yaushe suka bayyana a duniya?

Shaidar tana cikin duwatsu, inda gawarwakin kifayen dā suka daskare suka bar siffarsu. A lardin Yunnan na ƙasar Sin an haƙo wani kifi mai suna Guiyu da ya haura shekaru miliyan 419, wanda ke ɓangaren masu fiffiken tsoka. Tun da kuwa wancan reshe ya riga ya samu a lokacin, dole ne reshen masu fiffiken tsinke shi ma ya rabu kafin nan. Cikakkiyar gawa da ba a jayayya a kanta ita ce ta Cheirolepis, wadda aka samu a Sikotilan da Kanada, mai shekaru wajen miliyan 380 zuwa 390. Kifi ne mai dogon muƙamuƙi, ƙananan ɓawo masu kauri, da wutsiyar da ƙashin baya ya zarce cikin ɓangarenta na sama.

A wancan zamani, wanda ake kira Deboniya, su ba kowa ba ne a cikin ruwa. Masu sulken ƙashi da masu fiffiken tsoka ne ke da rinjaye. Sai da aka yi wata babbar halaka shekaru miliyan 359 da suka wuce, wadda ta shafe masu sulken gaba ɗaya kuma ta rage sauran, sannan masu fiffiken tsinke suka sami sarari suka yaɗu. Irin wannan ya sake faruwa bayan halakar shekaru miliyan 252, ya kuma maimaitu shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso suka ƙare. Bayan wannan ta ƙarshe ne kifaye masu ƙaya a fiffike suka bunƙasa a teku, suka ba da mafi yawan kifayen murjani, da tuna, da kifaye masu faɗi da ke kwanciya a ƙasan ruwa. Duk wanda ya bi tarihin zai lura cewa yaɗuwarsu ba a hankali ta riƙa tafiya ba, ta fi zuwa ne bayan mutuwa ta share fili.

Rassa nawa suka rage da rai a yau?

Huɗu, kuma rabon bai yi kusa da daidai ba. Reshen da ya fara ballewa shi ne na gwando, wato Polypterus, da ɗan'uwansa mai siffar maciji, jinsi goma sha wani abu, dukkansu a koguna da fadamun Afirka. Na biyu shi ne na sitajin, wani babban kifi mai jerin faranta na ƙashi a jiki, mai jinsi wajen 27 a arewacin duniya, tare da kifi mai dogon hanci kamar filafili na kogin Misisipi. Na uku shi ne na kifin gar mai dogon baki, jinsi 7, da wani kifi da ake kira Amia, duka a nahiyar Amurka. Idan aka haɗa waɗannan rassa uku ba su wuce jinsi hamsin da 'yan kai ba. Duk sauran dubban suna cikin reshe na huɗu, wanda ake kira teliyos, kuma shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 96 cikin 100 na kifayen duniya.

To me teliyos suka mallaka da har suka yi wa sauran fintinkau haka?

Babu amsa guda, amma akwai sauye-sauye da dama da suka taru a jikinsu, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi, wato rage nauyi da sassauta gaɓoɓin da a dā suke a manne.

Mafi muhimmanci shi ne baki. A jikin kifayen dā, ƙasusuwan leɓen sama a haɗe suke da ƙoƙon kai, saboda haka kifin sai dai ya buɗe baki ya cafka. A jikin teliyos waɗannan ƙasusuwa sun saki, suna zamewa gaba, bakin ya miƙe ya zama bututu a cikin ƙiftawar ido. A daidai wannan lokaci kogon baki yana faɗaɗa, ruwa ya ruga ciki ya tafi da abin da ake farauta. Wani kifin murjani mai suna Epibulus insidiator yana miƙa bakinsa har kusan kashi 65 cikin 100 na tsawon kansa. Bayan haka akwai muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, mai haƙoransa, wanda ke niƙa abinci ko fasa shi. Da aikin tauna ya koma can ciki, sai bakin waje ya sami damar ƙwarewa wajen kamu kaɗai, wani ya dace da kankare gansakuka daga dutse, wani da tsintar ƙwari, wani da haɗiye kifi ɗungurungum.

Sai wutsiya, wadda ta zama mai ɓangare biyu daidai, tana tura kifin gaba kai tsaye. Ɓawon jiki ya tashi daga kaurara masu ƙyalli irin na gwando ya koma sirara masu hawa kan juna, jiki ya sami damar lanƙwasa. A wasu dangogin fukafukan ciki sun matso gaba ƙarƙashin na ƙirji, abin da ya ƙara musu iya birki da juyi.

Akwai kuma abin da ya faru a ƙwayoyin gado. Fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce, kakan teliyos ya ninka kundin ƙwayoyin gadonsa gaba ɗaya, kowace ƙwaya ta zama biyu. Yawancin na biyun sun lalace sun ɓace, amma wasu sun tsaya sun kama sabon aiki. An sha danganta yawan teliyos da wannan ninki, sai dai a ganina ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan bayani, domin tsakanin ninkin da babbar yaɗuwar akwai ratar shekaru miliyoyi masu yawa, kuma sitajin ma ya ninka nasa kundin amma bai haura jinsi talatin ba.

Mene ne aikin jakar iskar da ke cikin kifi, kuma daga ina ta samo asali?

Nama da ƙashi sun fi ruwa nauyi, don haka kifin da ba shi da abin da zai ɗaga shi dole ya yi ta iyo ko ya nutse. Jakar iska ce ke daidaita nauyinsa da na ruwa, ya tsaya a zurfin da yake so ba tare da ya kashe ƙarfi ba. A wasu kifayen, irin su sadin da kaf (wani kifin ruwan daɗi da ake kiwo), jakar tana da bututu zuwa maƙogwaro, sai su haɗiyi iska a saman ruwa ko su fitar da ita. A mafi yawan masu ƙaya kuwa bututun ya toshe, jini ne ke zuba iska a cikin jakar ta wata gaɓa mai saƙar ƙananan jijiyoyi, kuma shi ke janye ta. Wannan hanya tana ɗaukar lokaci, shi ya sa idan aka fizgo kifi daga zurfi da sauri iskar kan kumbura har cikinsa ya fito ta baki.

Game da asali, Charles Darwin ya ɗauka cewa huhu ne ya fito daga jakar iska, amma binciken baya ya karkata ga akasin haka. Gwando, wanda reshensa ya fi kowanne daɗewa da ballewa, yana da huhu biyu na gaske kuma yana shaƙar iska da su. Wannan na nuna cewa kakannin kifaye masu ƙashi sun riga sun mallaki gaɓar shaƙar iska, daga baya ne ta koma abin daidaita nauyi a yawancin zuriyar. A wani gwaji da aka buga a 2014, Emily Standen da abokan aikinta sun reni gwando a tudu mai danshi na wata takwas, suka tarar ya fi na cikin ruwa iya ɗaga kai da dasa fiffike a ƙasa, har ƙasusuwan kafaɗarsa sun ɗan sauya.

Ta yaya suke numfashi, kuma me ya sa kifin kogi ke mutuwa a teku?

Iskar oksijin da ke cikin ruwa wajen kashi ɗaya cikin talatin ce kawai na wadda ke sarari, don haka dole kifi ya tace ta da kyau. Yana shigar da ruwa ta baki ya fitar da shi ta ƙarƙashin murfin da ke gefen kansa, ruwan ya bi ta kan jajayen zaren numfashi. Jinin da ke cikin zaren yana gudu ne ta fuskar da ta saba wa ta ruwan, saboda haka a kowane matsayi jinin yana haɗuwa da ruwan da ya fi shi oksijin. Da wannan dabara wasu kifayen ke kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na oksijin ɗin ruwan da ya wuce. Waɗanda ke zama a ruwa mai ƙarancin iska sun ƙara da wata gaɓa ta daban, kamar tarwaɗa mai wani abu mai rassa a saman zaren numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari.

Matsalar gishiri kuwa daga wannan siririyar fatar numfashi take tasowa. Jinin kifin kogi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, don haka ruwa na ta shiga jikinsa, shi kuwa ba ya sha, yana yawan fitsari tsinkakke kamar ruwa, yana kuma jawo gishiri ciki. Kifin teku akasin haka yake: ruwa na fita daga jikinsa, sai ya yi ta shan ruwan teku yana fitar da gishirin ta wasu ƙwayoyi na musamman da ke zaren numfashi. Kaɗan ne ke iya juya wannan tsari, irin su salmon da ke haihuwa a kogi ya girma a teku, da Anguilla na Turai, kifi mai siffar maciji, da ke girma a kogi ya tafi tekun Sargaso ya haihu, wurin da Johannes Schmidt ya gano a farkon shekarun 1920 bayan dogon bin sawun 'ya'yansa.

Me ya sa kusan rabin jinsin kifaye ke ruwan daɗi, alhali teku ya fi shi girma nesa ba kusa ba?

Koguna da tafkuna ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na ruwan duniya ba, amma a rarrabe suke. Tudu, magangarar ruwa ko sauyin hanyar kogi na iya raba al'ummar kifi gida biyu, kowanne ya ci gaba da sauyawa shi kaɗai har su kasa haihuwa da juna. Wajen kashi biyu cikin uku na kifayen ruwan daɗi dangi ɗaya ne, wanda ya haɗa tarwaɗa, kaf da tsage. Suna da wasu ƙananan ƙasusuwa da ke haɗa jakar iska da kunnen ciki, waɗanda Ernst Heinrich Weber ya bayyana a 1820, kuma suna ƙara musu kaifin ji, abin da ke da amfani ƙwarai a ruwa mai laka inda ido ba ya kai nesa.

Shin sabon jinsi na iya samuwa cikin ɗan lokaci?

Dangin karfasa na manyan tafkunan gabashin Afirka sun amsa wannan. Tafkin Tanganyika na da jinsi wajen 250, na Malawi yana da ɗaruruwa fiye da haka, kuma kusan duka babu su a wani wuri a duniya. Na Biktoriya ya fi ban mamaki, domin lakar ƙasansa ta nuna cewa ya ƙafe wajen shekaru 15,000 da suka wuce, amma duk da haka an sami jinsi kusan 500 a cikinsa. Akwai masu fasa dodon koɗi, masu cin ɓawon jikin wasu kifaye, har da masu satar ƙwai daga bakin uwa. Abubuwan da suka taimaka sun haɗa da muƙamuƙin maƙogwaro da aka ambata, da zaɓen miji da mata ke yi bisa launi, da kuma cakuɗuwar zuriyoyin kogi biyu tun kafin cikar tafkin, wadda ta tara musu bambancin ƙwayoyin gado mai yawa.

Gaskiya ne wasu na samar da lantarki?

Gaskiya ne. Minjirya na iya sakin wajen bolt 350, kuma Electrophorus voltai na Kudancin Amurka, wanda aka bayyana a 2019, an auna nasa ya kai bolt 860. Ƙwayoyin tsoka ne suka daina motsi suka jeru, ƙarfin kowace ya haɗu da na ta gaba. Amma mafi yawan kifayen lantarki ba sa girgiza kowa. A shekarun 1950 Hans Lissmann ya nuna cewa yauni na sakin wani rarraunan lantarki ba yankewa, yana gane abin da ke kewaye da shi ta yadda abin ke karkatar da shi. Wannan baiwa ta samu sau biyu dabam-dabam, a Afirka da Kudancin Amurka, a dangogin da ba su gaje ta daga kaka ɗaya ba.

Ina ne iyakar wuraren da suke iya rayuwa?

A 2022 an ɗauki hoton wani kifi na dangin Pseudoliparis a zurfin mita 8,336 a ramin teku na Izu-Ogasawara kusa da Japan, kuma masana na ganin wannan ya kusa iyakar abin da jikin kifi zai jure na matsin ruwa. A tekun Antatika akwai masu wani sinadari a jini da ke hana shi daskarewa, wanda Arthur DeVries ya gano a ƙarshen shekarun 1960, wasunsu ma jininsu ba ja ba ne domin ba su da sinadarin ɗaukar oksijin. A tafkin Magadi na Kenya wata karfasa na zaune a ruwan kanwa mai zafin da ke kai digiri 40.

Duk ƙwai suke yi?

Yawancinsu ƙwai suke zubawa a ruwa, namiji ya zuba maniyyi a kai, kuma da yawa ba sa waiwayarsu. Amma akwai masu haihuwar 'ya'ya kai tsaye, akwai masu renon ƙwai a baki, kuma a wajen dokin teku namiji ne ke ɗaukar ƙwan a jakar cikinsa har su ƙyanƙyashe. Wani abin lura shi ne, a cikin kifayen da ke kula da 'ya'ya, uba ne ya fi yawan ɗaukar nauyin. Wasu kifayen murjani kuma suna sauya jinsi: a wani dangi babbar mace ce ke komawa namiji idan shugaban garke ya mutu, a wani kuma namiji ne ke komawa mace.

Waɗanne ne suka fi fuskantar barazanar ƙarewa?

Na ruwan daɗi, musamman masu jinkirin balaga da masu doguwar tafiya zuwa wurin haihuwa, domin madatsun ruwa na tare musu hanya. Sitajin ne a sahun gaba, kusan duk jinsinsa na cikin haɗari, kuma a 2022 ƙungiyar IUCN ta ayyana cewa Psephurus gladius, ɗan'uwan sitajin mai dogon hanci na kogin Yangtze da ke ƙasar Sin, ya ƙare, bayan ganin ƙarshe da aka yi masa a 2003. A tafkin Biktoriya kuwa, giwan ruwan da aka saka a shekarun 1950 ya yawaita a shekarun 1980, kuma tare da gurɓacewar ruwan da ta hana mata bambance launin maza, ana ƙiyasin jinsi wajen 200 na dangin karfasa sun ɓace, da yawansu tun kafin a ba su suna.